Yadda ni da maigida muka tada sana'ar sarƙa da jigida ta hannu, daga tire ɗaya

Duk matar da ta shigo gidanmu karɓar oda sai ta tsaya ta kalli tiren duwatsu a tsakar ɗaki, ta kalli maigida zaune kan tabarma da filaya a hannu yana lanƙwasa fil ɗin ɗan kunne, sannan ta ja ni gefe ta ce wai Hajiya ya aka yi kika shawo kansa haka? To ni dai ban shawo kan kowa ba, zama muka yi muka tsara, kuma tsarin ne zan zayyana muku yadda muka bi shi, dan na san akwai ma'aurata da yawa da suke da hannu da niyya amma sun rasa ta ina za su kama.

Matakin farko, ki bari hannunki ya faɗa kafin ki ce wa kowa kina sayarwa. Ni a wurin gwaggona na fara ganin zuba jigida tun ina yarinya, amma zuba jigidar gida daban, yin abin da mutum zai cire kuɗinsa ya biya daban. Sai da na yi wata uku ina yi ina warwarewa ban karɓi ko kwabo ba. Kayan aikin ba su da yawa, filaya uku ce, mai zagayayyen baki ta yin zobe a bakin fil, mai faɗin baki ta matsewa, da mai yanka waya. Sai tef irin na teloli, almakashi, zaren roba na awarwaro, siririyar waya mai rufin roba ta sarƙa, ƴan ƙananan ƙarafan nan da ake matsewa su riƙe bakin waya, da ƙugiyoyi. Ki shimfiɗa tawul a cikin tire in ba haka ba duwatsun gangarawa za su yi ki wuni kina tsinta a ƙarƙashin gado. Awo kuma ki haddace shi, awarwaron babbar mace yawanci wajen inci 7 ne, sarƙar wuya inci 16 zuwa 18, jigida kuwa ba a yi mata kintace, sai an auna ƙugun mai ita. Duk abin da kika yi ki fara sakawa a jikinki sati guda, ki yi wanke-wanke da shi, ki shafa humra, ki shiga turaren wuta, dan abin da kwastoma za ta yi da shi kenan, in zai tsinke ko ya koɗe gara ya yi a jikinki.

Na biyu shi ne rabon aiki, kuma nan ne maigida ya shigo. Shi da farko rakiya kawai yake min kasuwa, sai ya lura ina iya haɗa kala amma lissafi yana ba ni wahala, ga shi kuma in na ga dutse mai kyau bana iya haƙura da shi ko da ba a yi odarsa ba. Wata rana bayan isha'i ya ce min, ki riƙe ido da hannu, ni in riƙe ƙafa da littafi. Haka muka yi. Zaɓen kala, fitar da sabon samfuri, zuba duwatsu, hira da mata da awon jigida duk nawa ne, ba ya sa baki. Sari, kai kaya tasha, rubuta shiga da fita, amsa wayar maza masu saye wa matansu ko masu haɗa lefe, nasa ne, ni ma bana sa baki. Daga baya da ya ga aikin ƙarfe yana sa min ciwon yatsu ya koyi lanƙwasa fil da matse ƙugiya, yanzu ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Abin da nake so ku gane, in ba a fayyace wa ke da magana ta ƙarshe a kan me ba, kowace sarƙa sai ta zama abin musu, kuma musun sana'a ba ya tsayawa a tire, yana bin ku har ɗaki.

Na uku, kuɗi. Anan zan ɗan daɗe dan wallahi shi ne yake rusa yawancin irin wannan haɗin, ba rashin kasuwa ba. Jarin da muka fara da shi, nawa na adashi ne da na kwasa, nasa kuma daga albashinsa ya cira. Kafin mu sayi ko ƙwayar dutse ɗaya muka ɗauko littafi muka rubuta nawa na sa, nawa ya sa, kuma muka tambayi juna a fili, wannan kuɗin da ka kawo kyauta ce, rance ne, ko shiga jari ka yi? Tambayar tana da nauyi a baki, musamman ga mace, sai ki ji kamar rashin kunya ne ko rashin yarda, amma ba haka ba ne. Addininmu ya ba mace dukiyarta, abin da ta mallaka nata ne ba na miji ba, ciyarwa kuma a wuyan miji take, sannan aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. To in Allah ya ce a rubuta, wace kunya ce ta rage? Da muka tambayi malami a kan haɗa jari ya ce mana riba ana raba ta yadda aka amince tun farko, asara kuma kowa yana ɗauka gwargwadon jarinsa, muka rubuta haka, kowa ya sa hannu.

Duk da rubutun sai da muka yi kuskure guda. Sallar farko da muka yi ciniki sosai kuɗin suna shiga asusun maigida tare da nasa, yau a cira a sayi kaza, gobe ɗinkin yara, jibi an yi baƙi, ba wanda ya ci amanar wani amma da muka tashi komawa sari babu jarin. Na yi kuka ranar, shi ma ransa ya ɓaci ƙwarai. Daga nan muka buɗe asusu daban na sana'a kaɗai, muka ce cefane ba ya fita daga cikinsa ko da na gishiri ne, in larura ta taso aka taɓa to bashi ne a rubuta a mayar. Ƙarshen wata muke zama mu cire jari, mu ware na sari, sannan kowa ya ɗauki rabonsa ya yi abin da yake so da shi, ni ba ya tambayata me na yi da nawa.

Na huɗu, sari. Mu a Kano muke, dan haka Kasuwar Kurmi muka fara, kasuwar da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma har yau in kika bi lungunanta za ki samu masu duwatsun wuya, tsakiya, carbi, kayan fata da na maƙera. Ku je ku biyu karon farko, ke ki nuna masa bambancin dutsen gilashi da na roba, gilashi ya fi nauyi kuma yana da sanyi in kika ɗora a kumatu, roba kuwa sakayau take. Ki nuna masa yadda ake duba hujin dutse, in bakin hujin yana da kaifi zai ci zare. Bayan ya gane sai ya riƙa zuwa shi kaɗai yana turo miki hoto. Duwatsu masu ƙyalli na waje da ƙananan ƙarafa sun fi sauƙi in an saro da yawa daga Legas, wajen Balogun da Idumota, amma kar ku fara da wannan sai kun san me yake tafiya. Abin da ya bambanta kayanmu da na kanti kuwa kayan gida ne, duwatsun gilashin Bida, garin da hukumar UNESCO ta sa cikin biranen sana'ar hannu a 2021, waɗanda masu sana'ar gilashi na unguwar Masaga suke narkawa da hannu, da kuma aikin azurfa na maƙeran Buzaye irin na Agadas. Ƙwaya ɗaya ta Bida a tsakiyar sarƙa tana canza mata daraja gaba ɗaya.

Ƙarfe kuma ku ji tsoron Allah a kansa. In wankin gwal ne ku ce wankin gwal ne, zai koɗe, turare da gumi suna saurin cinye shi. Tagulla tana iya bar wa fata kore, wasu matan kuma ƙarfe mai arha yana sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne, dan haka ƙugiyar ɗan kunne bana tsumulmula a kanta. Azurfa ana buga mata lamba 925, amma lambar kaɗai ba ta isa shaida ba, ku nemi maƙeri ɗaya da kuka yarda da shi ku riƙe shi.

Na biyar, sa farashi, kuma nan mata muke cutar kanmu dan muna mantawa da kuɗin hannunmu. Ga misali kawai dan a gane, ba farashin kasuwa ba, a ce duwatsu da waya da ƙugiyar sarƙa ɗaya sun ci naira 2,000, leda da kwali da kati 300, rabon kuɗin mota da data 200, kin kai 2,500 kenan ba ki sa aikinki ba. In kika sayar 3,000 ki ce kin ci riba, to awa biyun da kika yi a duƙe wa ya biya? Maigida ne ya dage sai an sa wa aikin hannu kuɗi daban sannan a ɗora riba a kai. Sannan ku riƙa lissafi da farashin da za ku sake saro kayan, ba wanda kuka saya da ba. Mun koyi wannan a 2023, da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu sannan darajar naira ta faɗi, kuɗin mota da na duwatsun waje suka tashi lokaci guda, wanda ya sayar da tsohon kaya a tsohon farashi sai ya tarar kuɗin ba za su mayar masa da kayan ba.

Talla kuwa ba wani abu mai wuya ba ne. Farin yadi, hasken safe kusa da taga, a goge kamarar waya, kar a sa wa hoto kalar ƙarya dan in kaya ya isa ba kamar hoton ba kin rasa mutum goma ba ɗaya ba. Sitatus ɗin WhatsApp ne ya fara kawo mana mutane, sai Instagram, sai ɗan bidiyon hannu yana zuba duwatsu a TikTok. Mun yi magana tun farko cewa jigida ba za a ɗauke ta a jikin kowa ba, a tire ake ɗauka, kuma fuskata ba ta fitowa, wannan shawarar mu biyu ce kuma ta ba mu kwanciyar hankali. Amma tallan da ya fi duka shi ne biki, in ƙanwarki ko ƙawarki za ta je kamu ko wuni ki sa mata saiti ki ba ta kati a jaka, kafin a watse an tambaye ta sau nawa.

Na gaba shi ne oda da aika kaya. Duk odar da za a yi wa mutum shi kaɗai, musamman jigida da sarƙar anko, a ba da rabin kuɗi kafin a fara, dan jigidar da aka yi da awon wata ba lallai ta shiga wata ba. Turansfa kuma kar ku yarda da hoton risit, ku buɗe asusunku ku ga kuɗin da idonku, an taɓa turo mana risit na bogi muka saki kaya, shiru har yau. In za a aika wani gari maigida yake kaiwa tasha, kowace sarƙa a ledarta mai zif dan kar su harɗe, a naɗe da auduga a kwali, ya karɓi lambar direba da ta mota ya tura wa mai kaya, ya kuma faɗa mata tun farko kuɗin mota nata ne. Bashin dangi kuma, wanda ya fi kowane wuya, mun yi masa dabara ɗaya, in daga dangina ne shi yake amsawa, in daga nasa ne ni nake cewa ai littafi ba ya hannuna kaɗai. Wanda muka ga dama mu ba shi kyauta muna ba shi daga rabonmu, da zuciya ɗaya, amma ba daga jari ba.

Ku san lokutan kasuwarku. Kafin azumi carbi yake tafiya, mai ƙwaya 33 da mai 99, mutane suna saye su raba sadaka, dan haka tun Rajab muke fara zubawa. Goman ƙarshe kuma kayan yara mata ne, ƙananan awarwaro da ɗan kunne na sallah, kar ki karɓi odar da ta fi ƙarfin hannunki a wannan lokacin dan ga girki ga ibada, gara ki ce a'a da ki saɓa alkawari. Bayan sallah bukukuwa suke buɗewa, lefe da anko. Da damina kasuwa tana ɗan lafawa kuma laima tana ɓata ƙarfe, sai mu rufe kaya a roba mai murfi, mu yi amfani da lokacin wajen fitar da sabbin samfura.

Rajistar suna a hukumar CAC, wato hukumar da ke yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista, ba mu yi ta ba sai da muka ga abin ya zauna, kuma da muka tashi yi sunayenmu mu biyu muka sa a matsayin masu sana'ar, dan takarda ta faɗi abin da littafinmu ya faɗa. Da ita muka buɗe asusun banki da sunan sana'a, wanda ya sa masu manyan oda suka ƙara sakin jiki da mu. Yanzu akwai ƴan mata biyu na maƙwabta da suke zuwa bayan islamiyya ina koya musu zuba duwatsu, duk wadda ta gama awarwaro goma masu kyau ana biyanta a ranar, maigida ya buɗe musu shafinsu daban a bayan littafin.