Yadda zaka zana fuskar mutum da fensir har ta yi kama da shi

Yawancin masu koyon zane da ido suke farawa, mutum ya zauna ya ƙawata ido ɗaya har da gashin ido, sai an zo kan hanci a ga babu wurin sa shi. Toh ka bar ido tukuna. Abin da ke sa a kalli zane a ce "ai wane ne" shi ne siffar kan mutum da tazarar da ke tsakanin ido da hanci da baki, in ka kuskure nan ko ka kwana kana gyara gira ba zai yi kama ba.

Kayan aiki ba su da yawa: fensir HB na shata layi (lambar tana rubuce a jikin fensir), 2B da 4B masu taushi da duhu na inuwa, 6B ko gawayin zane na wuraren da suka yi baƙi sosai, sai kilina da takarda mai ɗan kauri.

Ka zaunar da mutumin kusa da taga, hasken ya zo daga gefe guda. In daga hoto zaka zana, kar ka ɗauki wanda aka haska da filasha don yana shafe inuwa fuska ta zama shafal. Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holand da ya rasu a 1669, har yau ana kiran wani salon haske da sunansa, wato gefe ɗaya na fuska a inuwa amma da ɗan alwatikan haske a kunci ƙasan ido. Shi zaka nema.

Fara da siffar ƙwai, hannu sake, kar ka danna fensir. Ido yana tsakiyar kai ne daga saman kai zuwa haɓa, mutane da yawa sama suke kai shi saboda sun manta goshi da gashi. Tsakanin ido biyu akwai faɗin ido ɗaya, ƙasan hanci yana rabin tazarar gira da haɓa, kunne kuma daga gira zuwa ƙasan hanci. Amma fa wannan ma'auni ne na kowa da kowa, kuma babu wanda ya dace da shi daidai, inda mutumin ya saɓa masa nan kamanninsa suke, don haka ka miƙe hannu da fensir ka rufe ido ɗaya ka auna, kila goshinsa ya fi faɗi, kila haɓarsa gajeriya ce, ka sa abin da ka gani.

Sai inuwa. Ka ɗan kanne ido ka duba inda ya yi duhu, ka riƙa ɗorawa a hankali. Hanci ba shi da layi a gefe, inuwa ce ke fitar da shi. Leonardo da Vinci, mai zanen ƙasar Italiya, a zanen wata mata da ake kira Mona Lisa da ya fara wajen 1503 bai ja layi a gefen baki da ido ba, ya narkar da su cikin inuwa ne. Farin ido ma ba fari tas ba ne, haƙora kuwa kar ka bi su ɗaya bayan ɗaya, abin tsoro yake zama wallahi. In mai baƙar fata ne ka bar haske a goshi da karan hanci da kunci.

Tabo da tamoji kar ka ɓoye su, sai dai ku yi magana da mai fuskar tun farko. A 1954 wani mai zane ɗan Birtaniya, Graham Sutherland, ya zana Winston Churchill, firaministan ƙasar a lokacin, da tsufansa yadda yake, Churchill ya tsani zanen, daga baya aka lalata shi.

Kafin ka miƙa, ka ɗaga zanen gaban madubi, duk karkatar da idonka ya saba da ita nan take zata fito, ka gyara, sannan ka rufe shi da farar takarda kar hannu ya dame fensirin.