Yadda za ka kula da tsoho bayan mura ta sake shi

Hunturun bara mura ta kama Babanmu nan Ƙofar Ƙaura a Katsina, kwana biyar zazzaɓi ya sauka muka ce alhamdulillahi an samu lafiya. Ashe da sauran rina a kaba. Mutumin da ke takawa masallaci sau biyar a rana ba sanda, wata biyu bayan nan in ya yi alwala sai ya dafa bango yana haki kafin ya iya saka takalmi. Mu yara mura ce kawai, mu sha shayi da citta mu wuce, amma jikin tsoho ba haka yake ba, ƙwayar bairos ɗin nan ko ta mura mai zafi ce ko korona tana tafiya ta bar kumburi a huhu, ta wahalar da zuciya, ta cinye naman jiki. Ga yadda muka bi.

Na farko, daina lissafi da ranar da zazzaɓi ya sauka, ka ba shi wata uku kana sa ido. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya da wata uku take auna korona mai daɗewa, wato in an kai nan har yanzu akwai gajiya, haki ko mantuwa. Mutanen Daura ba sai an ba su labari ba, can cutar ta fara ɓulla a jihar nan a Afrilun 2020. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da yake iya yi da wanda ya daina, don in ka tambaye shi "Baba ya jiki?" wallahi "da sauƙi" zai ce maka ko numfashi na yanke masa.

Na biyu, makon farko da na biyu bayan kamuwa su ne masu haɗari. Lokacin ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka fi samun ƙofa, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. In ya fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya dawo da tari mai majina, to nimoniya ce ake zargi, asibiti kai tsaye. Abin da mutane ba su gane ba shi ne tsoho na iya yin nimoniya jikinsa ba zafi sam, sai dai ka ga ya rikice, yana kiran jika da sunan ƙaninsa da ya rasu, ko yana ta barci da rana tsaka. A nan ne ake cewa ai tsufa ne, ko a ce iska ne. Ku yi addu'a, amma mota na waje tana jira. Haka ciwon ƙirji, kumburin ƙafa, ko kasa kwanciya sai an jingina masa filo uku.

Na uku, kar ku kashe shi da tausayi. Wannan shi ne kuskurenmu, Hajiya ta hana shi ko fita zaure, komai sai a kawo masa kan katifa, kuma kwana goma a kwance sun isa su zubar wa tsoho da ƙarfin cinya, daga nan sai faɗuwa a bayi. Ku fara da tashi-zauna daga kujera sau biyar, safe da yamma. Sai zaure, sai ƙofar gida, sai masallacin unguwa da rakiya. In ya yi yau gobe ya kasa tashi, to an zarce, a rage.

Abinci kuma, sau da yawa ba ya jin ƙamshi ko ɗanɗano shi ya sa yake ture kwano. A ba shi kaɗan-kaɗan amma akai-akai: kunun gyaɗa, fura da nono, faten wake, ƙwai, kifi. Da ruwa, don tsofaffi ba su cika jin ƙishi ba balle da sanyi. Mai suga dai a kula da zaƙin.

Sai ɗaki. Kaskon gawayi a ɗaki rufe haɗari ne ko ga mai lafiya, a ɗumama a fitar da shi kafin barci. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a ɗaga musu ƙafa, a yayyafa ruwa kafin shara, ranar da hazo ya yi yawa ya sa takunkumi in zai fita. Jikokin da ke yoyon hanci su gaishe shi daga bakin ƙofa, zai yi faɗa amma ku daure.

Na ƙarshe, kemis. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos, wasu magungunan mura na ɗaga hawan jini, magungunan ciwon jiki irin su diclofenac kuma na taɓa ƙoda da ciki. Tarin da ya wuce mako biyu a kai majina gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ranar komawa ganin likita, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ne ko babban asibitin da ke kusa da ku, ka zuba duk magungunansa a leda ɗaya har da na gargajiyan da yake ɓoyewa ƙarƙashin filo, ka ɗauki littafin nan, kuma ka shiga ɗakin likita tare da shi don kai ne za ka yi bayani.