Yadda ake daidaita nauyin ƙasa da shokazoba a motar rimot mai hawa duwatsu

A motar tsere, duk nauyin da sifirin ba ya ɗauke da shi, wato tayoyi da rim da aksil, abin gudu ne, domin yana sa taya tsalle a kan gargada. Ƙaramar motar rimot mai hawa duwatsu, irin Traxxas TRX-4 ko Axial SCX10 masu girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, lamarinta daban ne. Tafiyar hawainiya take yi, don haka wannan nauyin ne ke manne ta da dutse, ya hana ta kifewa. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da za a sa shi, da kuma yawansa.

Fara da awo. Saka batir, ɗora bodi, ka aza tayoyin gaba a kan sikeli ɗaya, na baya a kan wani mai tsayi iri ɗaya. Masu wannan harka galibi suna neman kusan kashi 60 a gaba, 40 a baya, don kada goshin motar ya ɗaga a hawa mai tsauri. Sannan ka ɗora ta a kan faifan katako, ka riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har tayoyin sama su fara barin katakon. Yi alama a tsayin da ta kai.

Kafin ka sayi komai, rage kayan sama. Tayar sifiya da jarkokin ado a kan rufi suna da kyau a hoto, amma su ne ke jan motar ta wuntsila. Batir ma a matsar da shi gaba, a yi ƙasa da shi gwargwadon hali.

Sai maganar tagulla, wato sassa masu nauyi da ake sawa a ƙasan motar don ƙara wannan nauyin. Fifita wadda ba ta juyawa da taya: gwiwar sitiyari (sashen da ke riƙe tayar gaba yana karkata ta), ko murfin ƙaramin akwatin giya da ke bayan kowace taya a TRX-4. Zoben da ake sawa cikin rim shi ma yana aiki, sai dai injin ne zai juya shi, ya kuma tsayar da shi, wahalar ta faɗa kan giya da sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Na taɓa cika rim huɗu da nauyi don zalama; taya ta maƙale a tsaga, na ƙara wuta, sai na ji "ƙas", sandar gaba ta tafi. Fara da gaba, biyu-biyu, hagu da dama daidai, kana komawa kan sikeli bayan kowane ƙari. Ka kuma saurari injin sitiyari, in ya fara nishi wajen juya tayoyi, ka wuce iyakarsa.

A nan mutane da yawa ke tsayawa, alhali rabin aikin suka yi. Nauyin da aka ƙara wa aksil ba ya danne sifirin ko kaɗan, kuma tunda ka sauƙaƙa bodi, sifirin ɗin da ya zo da motar ya yi mata tauri. Sassauta zoben da ke matse shi, ko ka sa mai laushi, har kusan rabin sandar shokazoba ta shige ciki in motar na tsaye. Ta haka taya za ta sami sararin faɗawa rami ba tare da ta ja bodi ba. Man silikon da ake zubawa cikin shokazoba, mai lambar kauri 30, ya isa a fara da shi. In ya yi ruwa-ruwa, bodi zai riƙa karkacewa gefe ɗaya duk sanda ka ba da wuta. In ya yi kauri, taya za ta yi jinkirin sauka ta taɓa dutse. Danna motar da hannu ka saki: ta taso sau ɗaya ta tsaya, ba rawa.

Kada a manta da soson da ake sawa cikin taya a madadin iska, don shi ke ɗauke da nauyin duka. Mai laushi sosai yana lanƙwashewa a gangaren gefe. Mai hawa biyu, tauri a ciki laushi a waje, ya fi dacewa da motar da ta yi nauyi. In ka gama, mayar da ita kan katakon nan ka duba ko ta wuce alamar farko.