Idan babban kantin rangwame zai shigo unguwa: yadda ake tafiyar da muhawarar

Da zarar labari ya fito cewa babban kantin kayan masarufi mai araha zai buɗe reshe, unguwa kan rabu. Masu iyali na lissafin sauƙin cefane, masu ƙananan shaguna na hangen cinikin da zai suɓuce musu, waɗanda gidajensu ke jikin filin kuwa barcinsu suke ji. Sai a ɓata taro bayan taro ana "a zo" da "kada a zo", alhali hukumar tsara gari ba hannuwan da aka ɗaga take ƙirgawa ba, takardu take dubawa. Inda mazauna suka fi ƙarfi shi ne sharuɗɗan da za a ɗaura wa izinin ginin.

Ku fara sanin irin kantin. Kamfanoni irin su Aldi da Lidl na Jamus kaya kala kaɗan suke ajiyewa, yawanci masu tambarinsu, a cikin kwalayen da suka zo da su, da ma'aikata 'yan ƙalilan. Ribar tana cikin saurin ƙarewar kaya, wato mutane su yi ta shiga da fita, manyan motoci kuma su kawo kaya kullum. Daga nan yawancin matsalolin maƙwabta ke tasowa.

Ku nemi kwafin takardar neman izini daga hukuma: zanen fili, rahoton zirga-zirgar motoci, na ƙarar da kantin zai jawo, da na magudanar ruwa. Kafin ku karanta komai, ku duba ranar rufe karɓar ƙorafi. Wa'adin gajere ne, a Ingila misali kwana 21 aka saba bayarwa, kuma wasiƙar da ta makara ba lallai a duba ta ba.

Rahoton motoci shi ya fi cancantar a zauna a kansa, domin kamfanin ne ya biya aka rubuta shi. Ku duba ranar da aka yi ƙidayar. In lokacin hutun makaranta ne, alƙaluman sun yi ƙasa da gaskiya. Ku yi taku ƙidayar: mutum biyu a mahaɗar da ta fi kusa, kowa da ɓangarensa na titi, ana ja layi a takarda duk minti 15, a lokacin tashin 'yan makaranta, da yamma idan ma'aikata na komawa gida, da kuma rana ɗaya a ƙarshen mako. A riƙa rubuta mota nawa ke jere idan layi ya yi tsawo. Sannan ku dubi ƙofar shiga. Direban da zai tsallaka hannun masu tahowa kafin ya shiga kanti dole ya tsaya, in kuma babu layin jira, duk na bayansa sun tsaya. Tirelar kaya a Turai takan kai mita 16.5, saboda haka ku nemi zanen da ke nuna yadda za ta shiga, ta juya, ta fita da gaba. In sai ta yi baya a kan titi, ko ta ratsa inda masu ƙafa ke bi, kun sami hujjar da injiniyan hukuma zai saurara.

Ƙara kuma iri biyu ce. Akwai ta sauke kaya: ƙarar gargaɗin mota mai baya, kekunan ƙarfe a kan siminti, injin sanyin tirela da aka bari a kunne. Akwai ta injinan sanyaya kaya na kantin, waɗanda ba sa hutawa dare da rana. Da rana hayaniyar titi na rufe su, ƙarfe uku na dare ne ake jin su. Don haka ku tambaya ko an auna shirun unguwar da tsakar dare, kuma a bakin wane gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara mai ɗorewa ta wuce desibel 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a ɗakin barci. A fili, duk ninka tazara na rage kusan desibel 6, shi ya sa mayar da injinan zuwa wancan gefen ginin kan fi doguwar katanga amfani, kuma a matakin zane ba ya cin kuɗi sosai.

Lissafin ruwa mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi da wurin ajiye motoci masu faɗin murabba'in mita 5,000, in aka yi ruwan milimita 20, lita 100,000 ke nan da ƙasa ba za ta sha ba. A nuna muku inda za ta bi.

Maganar masu ƙananan shaguna tana da zafi, amma a gaya musu gaskiya: a wurare da dama hukuma ba ta hana izini don kawai sabon kanti zai ƙwace wa wani ciniki. Abin da ake iya kawowa shi ne illar da za a yi wa cibiyar kasuwancin unguwar baki ɗaya. Wanda ke sayar da kayan gwangwani da na leda irin na kantin shi zai fi jin jiki; mai kayan da kantin ba ya ajiyewa, ko mai buɗewa bayan ya rufe, yana da mafita. Idan kamfani ya ce zai ɗauki mutum kaza, ku tambaya nawa ne na cikakken lokaci.

A wurin taro, a sa wanda ba shi da shago kuma gidansa ba ya jikin filin ya shugabanta, kowa minti uku. Masu goyon baya ba su cika zuwa ba, domin galibi masu aikin dare ne, tsofaffi, da marasa mota, kuma su ne arahar ta fi yi wa rana. A bi su gida a karɓi ra'ayinsu a rubuce, in ba haka ba kamfani zai ce taron bai wakilci unguwa ba, kuma ya yi gaskiya. Wasiƙu daban-daban, kowacce da hujjarta, sun fi takardar sa hannu guda nauyi.

Duk alkawarin da wakilin kamfani ya yi da baki, a mayar da shi sharaɗi mai aunuwa. "Za mu rage hayaniya" ba ya kama kowa. "Ba a sauke kaya daga 10 na dare zuwa 7 na safe" yana kamawa. Haka za a yi wa iyakar ƙara a bakin gida mafi kusa, lokacin kashe fitilun waje, mashigar masu ƙafa, da kwashe shara. Bayan an buɗe, kamfani na iya komawa hukuma ya nemi a sassauta sharaɗi, musamman na lokacin sauke kaya, don haka a bar mutum biyu su riƙa duba sanarwar hukumar, kuma duk saɓawa a rubuta ta da rana, lokaci da hoto kafin a kai ƙara.