Darasi na 9: Yumɓun roba da yadda ake gasa shi

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san tulun Mirya, garin maginan tukwane da ke kusa da mu. Ya san ana haƙo yumɓu, a jiƙa, a tattake, a gina, a shanya har ya bushe, sannan a tara kara da itace a cinna wuta. Zafin wutar da ke mai da yumɓu tukunya yana haura digiri 600. Abin da za mu koya yau shi ma yumɓu ake ce masa. Ana murza shi da hannu, ana gina abu da shi, ana kuma gasa shi. Amma kama da wane ba wane ba ne.

Shi ba daga ƙasa ake haƙo shi ba. Garin roba ne, irin robar bututun ruwa da masu aikin famfo ke kira PVC. An kwaɓa garin da wani mai da ke sa shi laushi, aka zuba masa launi. Shi ya sa muke ce masa yumɓun roba. Da yake ba ruwa a cikinsa, iska ba ta busar da shi. Kuna iya fara aiki yau, ku rufe, ku dawo jibi ku tarar da shi da laushinsa. Zafi kaɗai ke sa shi tauri, kuma zafi ɗan kaɗan: tsakanin digiri 110 da 130 ga yawancin irinsa.

Masu sayarwa sun fi kiransa Fimo, sunan wanda ake yi a Jamus. Wata mata ce ta fara sarrafa shi, ɗiyar Käthe Kruse mai sana'ar yin ƴartsana. Laƙabinta Fifi, daga nan aka samo farkon sunan, kuma a 1966 ya shiga kasuwa da sunan Fimo. Akwai Sculpey na Amurka, akwai Cernit na Beljiyam. Ƙaramin ƙunshi ɗaya na Fimo giram 57 ne, bai cika tafin hannu ba. Daga waje ake shigo da shi, ni ma sautu nake bayarwa, don haka ba abin yi wa ɓarna ba ne.

Saye da ajiya

Kafin ku biya kuɗi, ku danna ƙunshin da babban yatsa ta saman leda. In ya ɗan lotsa, yana da kyau. In kun ji shi kamar dutse, ku bar wa mai shi kayansa.

Dalili shi ne zafin garinmu. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano da rana tsaka, ko ƙarƙashin sirdin babur, ko cikin mota a rufe. Yumɓun da ya jima a irin wannan wuri ya fara gasuwa tun yana cikin ledarsa. Wanda ya fara gasuwa kuwa ba ya dawowa. Ko kun wuni kuna murza shi, marmashewa zai yi ta yi kamar busasshen ƙuli-ƙuli. A gida ku ƙulle shi a farar leda, kowane launi daban, ku sa a gwangwani mai murfi, ku ajiye a gindin randa. Wurin da ya fi ko'ina sanyi ke nan a yawancin gidajenmu.

Wanda tsufa kawai ya sa shi tauri yana da magani. A yayyanka shi ƙanana, a ɗiga masa ɗigo 1 ko 2 na farin man jarirai na kwalba, a ƙulle ya kwana, a murza. Ban da ruwa, ban da man gyaɗa.

Kayan aiki da murzawa

Ba ku bukatar kaya masu tsada. Guntun karo mai santsi, wato tayil, shi ne teburinku, shi ne kuma farantin gashi. Kwalba mai santsi ita ce muciyar shimfiɗawa. Sai sabuwar reza, da tsinken sakace, da basilla irin ta dukawa don huda. Abu ɗaya ne na ce lalle ku saya ko da karo-karo ne a aji: ma'aunin zafi na tanderu, mai allura kamar agogo. Na asibiti ba zai yi ba, iyakarsa wajen digiri 42.

Ku wanke hannu, ku goge karon da tsumma mai ɗan laima, ku bari ya bushe. Yumɓun nan yana kwasar ƙura da zaren tufafi kamar alewa a hannun yaro, kuma da hunturu, in hazo ya sauko, ko ƙofa a rufe sai ƙura ta shigo. Ku fara da fari da rawaya, ku ƙare da ja da baƙi, domin ja yana rina hannu. In za ku tashi, ku kifa kwano a kan aikin.

Yanzu ku yanki ɗan guntu, ku ɗumama shi a tafin hannu. Ku mulmula shi ya yi tsawo kamar igiya, ku ninka, ku sake mulmulawa, ku sake ninkawa. Alamar ya murzu ita ce in kun lanƙwasa igiyar ba ta tsage a gwiwa ba. Kada ku yi ƙyuyar wannan aiki. Yumɓun da bai murzu ba yana fita daga gashi da rauni. In kun ga iska ta kumbura a ciki, ku soke ta da allura, ku shafe wurin. Da bazara matsalar takan juya: ya yi laushi har ya riƙa manne wa yatsu. Sai ku shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu 2 marasa rubutu, ku danne da littafi na awa 1 ko 2, takarda ta tsotse man da ya yi yawa.

Launuka suna haɗuwa kamar na marina. Shuɗi da rawaya su ba da tsanwa. Ja kaɗan cikin fari mai yawa ya ba da ruwan hoda.

Aikin farko: duwatsun wuya

Ku shimfiɗa baƙi da fari, kowanne faɗin tafin hannu, kaurin kuɗin ƙarfe na sefa mai dala 20. Ku ɗora farin a kan baƙin, ku danne a hankali, ku naɗe su tare kamar tabarma. Ku mulmula naɗin har ya sirance ya kai kaurin ɗan yatsa. Ku bar shi ya huce daga ɗumin hannu, in ba haka ba reza za ta latse shi. Sannan ku yanka siri-siri. Kowane yanki zai fito da zane mai kewaye kamar bayan dodon koɗi, kuma duka iri ɗaya. Ranar da ɗalibai suka fara ganin wannan, aji yakan yi tsit, sannan kowa ya miƙo hannu.

Ku dunƙula ragowar yumɓu ƙanana, ku manna yankakkun a jikinsu, ku mulmula a tafin hannu har gaɓoɓin su ɓace. Wajen huda, ku riƙa juya basilla kamar mai murza zare. In bakinta ya kusa ɓullowa, ku zare ta ku shiga ta ɗaya gefen, don kada dutsen ya karkace.

Abu mai kauri kuwa, kamar ɗan tulu na ado ko tsuntsu, ba a cika shi da yumɓu zalla. Ana dunƙule takardar alminiyon, irin wadda ake naɗe gasasshen kifi da ita, a matse ta sosai, a lulluɓe da yumɓu kaurin fensir. Wuya ko ƙafa mai tsawo a sa mata waya a ciki. Hakan yana rage kuɗi, kuma zafi yana ratsa aikin ko'ina. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da siffanta mai rai ba, abin yi bai ƙare masa ba. Ku zaga Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ku dubi zanen da magina suka yi a fuskar tsofaffin gidaje, da zankwayen da ke saman soraye. Fuskar gida guda, ƙarama kamar akwatin ashana, mariƙin makulli ce da baƙo zai so ya tafi da ita.

Gashi

Nan ne aikin yake, kuma nan na yi asarata ta farko. Na zuba yashi a tukunya na ɗora a kan gawayi, yadda muke gasa kek. Na kara hannu a bakin tukunyar na ji zafi, na ce ya yi. Kafin minti 10 wani hayaƙi mai yaji ya fito ta gefen murfi, ya kama mini ido da maƙogwaro. Fararen duwatsun da na kwana biyu ina yi sun koma ruwan ƙasa, gindinsu ya yi baƙi ya kumbura. Ledar tana nan gefena da lambar a rubuce. Ban duba ba.

Saboda haka kafin ku kunna wuta, ku ɗauki ledar ku nemi lamba mai ɗan zobe a kafaɗa da harafin C. A jikin Fimo za ku ga 110°C da 30 min. Ma'anarsa digiri 110, minti 30. A jikin Sculpey za ku ga 130°C. Kowane allazi da nasa amanu, kada ku gasa wani da lambar wani ba tare da kun duba ba. Ku lura da kyau: kusa da wannan lamba akwai wata mai harafin F, 230°F ko 275°F. Wannan awon Amurka ne. Ma'auni da yawa suna da layi biyu na lambobi, na C da na F. Wanda ya kai allura kan 230 a layin C ya ƙone aikinsa ƙurmus.

Akwai wata dattijuwa a ajinmu da ta yi shekaru tana ginin tukwane. Hannunta ya fi nawa nesa ba kusa ba, ɗan tulun da ta gina ko ba a gasa ba abin kallo ne. Da ta leƙa tukunyar gashi sai ta ce: "Malama, wace irin wuta ce wannan da ko ja ba ta yi ba?" Na ce: "Inna, wannan ba a gane ta da ido, sai da lamba." Ta karɓi ma'aunin ta juya shi, ta sa na nuna mata 110 a allo. A ranar ta rubuta ta sau 20 a littafinta. Yanzu ita ke zama gaban tukunya tana tsaron allura, kuma ba ta yarda kowa ya buɗe murfi.

Tanderun lantarki ko na gas ya fi sauƙi, amma shi ma ku sa ma'auni a ciki, domin lambar da ke jikin maɓallinsa ba kullum take faɗin gaskiya ba, musamman ƙananan nan. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, ba a yi asara ba. In ta dawo sai a sake daga farko, yumɓun roba yana jure gashi fiye da sau ɗaya.

Wanda ba shi da tanderu yana iya yi da tukunya, sai dai tana son haƙuri, kuma gas ya fi gawayi biyayya. Ku fito tsakar gida. Ku zuba busasshen yashi kaurin yatsu 3 a tukunya mai kauri, ku kifa ɗan farantin ƙarfe, ku ɗora karo a kai, ma'auni a gefe. Ku rufe, ku sa wuta ƙasa-ƙasa. Kada ku sa aikin tukuna. Ku jira har allura ta hau lambar ta tsaya cak. Murfin gilashi ya fi, don ana ganin allura ba sai an buɗe ba. Duwatsun ku jera su a kwarin takardar da aka ninninka kamar mafici, don in sun zauna a kan karo gindinsu yana bajewa ya yi ƙyalli. Takarda ba ta kamawa a digiri 130 muddin ba ta taɓa jikin tukunya ba. Ku rufa takardar alminiyon a sama kamar rumfa. Lissafin minti yana farawa ne daga lokacin da allura ta koma kan lambarta bayan kun rufe.

Ƙarin minti kaɗan a zafin da ya dace ba ya ɓata aiki, sai dai fari ya ɗan dushe. Ƙarin zafi shi ne mugu. Wajen digiri 175 robar tana ƙonewa, hayaƙinta kuma yana cutar da ido da ƙirji. In haka ta faru, ku kashe wuta, ku janye yara, ku bar iska ta kwashe. Tanderun mai burodi yana wuce digiri 200, kada ku kai masa. Tafasasshen ruwa kuma iyakarsa digiri 100, bai isa ba.

In lokaci ya cika, aikin zai fito da ɗan laushi. Kada ku ce bai gasu ba, sai ya huce yake yin tauri. Kullum ku gasa wani ɗan siririn yanki tare da aikin. In ya huce ku lanƙwasa shi. In ya lanƙwasu ya dawo, gashi ya yi. In ya karye ɓas kamar biskit, ku duba zafin, ku mai da aikin ciki.

Bayan nan ana iya goge shi da lallausar sanfefa cikin ruwa, a murje da tsumman yadi ya yi sheƙi. Ban da jan farce, yakan sa shi danƙo bayan ƴan makonni. Kada ku yi cokali ko kofi ko wani abin cin abinci da shi. Kada ku yi kaskon turaren wuta, garwashi zai ƙone shi, wannan aikin yumɓun Mirya ne. Tukunya da kwalbar da kuka yi aiki da su kada su koma madafa, kuma ƙananan duwatsu a nisanta su da bakin jarirai.

Aikin gida

Ƙunshi 1 giram 57 ne. In kowane dutse ya ci giram 3, duwatsu nawa za a samu? In sarƙa 1 tana cin duwatsu 38, ƙunshi nawa za ku saya?

Kowa ya kwafi lambar zafi da ta minti daga jikin ledarsa zuwa littafinsa. Ku gasa siraran yankuna 2, ɗaya minti 10, ɗaya minti 30, ku rubuta lambar a jikin kowanne da tsinke kafin gashi. Ku zo da su ranar darasi mai zuwa, a nan aji za mu lanƙwasa su.