Yadda ake kare idon ɗan makaranta a gari mai hayaƙi da ƙura

Yaron da ke ƙanƙance ido kafin ya karanta rubutun allo, ko yake kwafa daga littafin na kusa da shi, sau da yawa ba rashin ƙoƙari ke damunsa ba. Ƙwayar idonsa ce ta yi tsawo fiye da kima, sai abin da ke nesa ya riƙa yi masa dishi-dishi. Gado na da hannu, haka yawan duƙufa kan littafi da waya. A 2025 wani bincike kan yara kusan 30,000 a birnin Tianjin na ƙasar Sin ya nuna cewa inda iska ta fi tsabta, ganin yara ya fi kyau, musamman 'yan firamare.

Mataki na farko, kuma mafi ƙarfi: a bar yaro ya samu awa biyu a waje kullum. Hasken sarari na rage saurin tsawon da ƙwayar ido ke yi. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 na wasa a waje. Bayan shekara uku, kashi 30 cikin ɗari ne suka kamu da rashin ganin nesa, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. Ba sai an shanya yaro a rana ba. Tsakar gida ko inuwar darbejiya ta wadatar. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaron da zai tashi daga boko ya wuce islamiyya, ya dawo ya tarar da mai lesin, babu lokacin fita waje.

Na biyu, a zaɓi wuri da lokaci, don ba kowane waje ne waje ba. A nisanta shi da bakin titi inda adaidaita sahu ke turnuƙe hanya, da bolar da ake ƙonawa. In akwai lungu mai kaiwa makaranta, ya fi babban titi. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari, a taƙaita wasan.

Na uku, hayaƙin cikin gida: janareto ya bar gindin taga, kada yaro ya zauna gaban murhun itace, gidan sauro ya maye gurbin maganin sauro mai hayaƙi.

Na huɗu, wajen karatu littafi ya yi nisan kamu ɗaya da fuska. Duk minti 20 ya ɗaga kai ya hangi nesa na daƙiƙa 20.

Na biyar, ku gwada shi. Ku rufe masa ido ɗaya, ya karanta kalanda daga ƙarshen ɗaki, sannan ɗayan. In ya yi jinkiri, sai asibitin ido a auna shi. Tabarau ɗin da likita ya rubuta ba ya kashe ido, ku bar shi ya sa. Na 'yan talla da maganin ɗigawa na kemis kuwa, kada ku saya masa.