Yadda za ki duba nononki da hannunki

Ni ungozoma ce a Argungu, kuma maganar da na fi ji daga matan da suka zo asibiti a makare ita ce, "Malama, ai ba ya ciwo, shi ya sa na ƙyale shi." To 'yar uwa, sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo. Idan kika jira zafi ya sanar da ke, kin ba ta lokaci.

Ki fara sanin abin da kike taɓawa. A cikin kowane nono akwai sassa 15 zuwa 20 masu samar da ruwan nono, kowanne da bututunsa da ke zuwa kan nono, sauran kuma kitse ne da jijiyoyin da ke riƙe su. Naman nono bai tsaya inda rigar mama ta tsaya ba, yana da jela da ta miƙa har cikin hammata, inda kaluluwa ke fitowa. Wannan ɓangaren na sama, ta wajen hammata, nan cutar ta fi yawan farawa, nan kuma mata suka fi tsallakewa.

Lokacin da ya dace shi ne kwana biyu ko uku bayan kin yi wankan tsarki, don a lokacin nono ya saki. Gab da al'ada yakan cika ya yi tauri, sai ki ji abin da babu. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana guda, kamar ranar da wata ya tsaya, ta riƙe ta.

Ki tsaya gaban madubi babu riga, hannuwa a sake, sannan ki ɗaga su sama, sannan ki dafa ƙugu ki matsa. Don nono ɗaya ya fi ɗaya girma ba komai ba ne, yawancinmu haka muke. Sabon abu kike nema: fata ta lotsa, ko ta yi kauri da ramuka kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko gyambon da ya ƙi warkewa.

Sai ki kwanta rigingine, ki sa hannun dama ƙarƙashin kai, ki duba nonon dama da hannun hagu. Da cikin yatsu uku na tsakiya ake yi, a shimfiɗe. Kada ki tsunkula, domin duk nonon da aka kama tsakanin yatsu biyu sai an ji kamar ƙullutu, kuma mata da yawa sun kwana kuka kan wannan kawai. Ki riƙa murzawa a ɗan zagaye, da sauƙi, sai da ɗan ƙarfi, sai ki danna har ki ji haƙarƙari. Ki bi layi layi daga ƙashin wuya zuwa ƙasan nono, ki ƙarasa cikin hammata, ki koma ɗayan. Idan ruwa na fita da kansa daga nono ɗaya, musamman mai jini, ki lura da shi.

Kin ji wani abu? Yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne. 'Yan mata kan sami mai santsi da ke zillewa ƙarƙashin yatsa, mai shayarwa kuma nono kan yi mata ja da zafi da zazzaɓi saboda ƙwayar cuta. Amma mai tauri, marar motsi, marar ciwo, shi ne ba na son ya wuce mako bai ga likita ba. Kuma don Allah kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, kada a shafa masa komai mai cin fata.

A asibiti, ko Sir Yahaya ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, likita zai duba da hannu, ya tura ki hoto. Mai ƙuruciya sikanin ake fara mata, wadda ta kai shekara 40 kuma akan yi mata hoton mamogiram, wato hoton X-ray na nono. Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi ɗan nama da allura an kai ɗakin gwaji. Nan ne dangi ke cewa in ƙarfe ya taɓa daji yaɗuwa yake. Allurar ba ta yaɗa shi, watannin da ake ɓatawa ana gudunta ne ke yaɗa shi.

In an tabbatar, maganin yakan haɗa tiyata, ƙarin ruwan kemo mai kashe ƙwayoyin daji, gashin na'ura wanda mutanenmu kan je Sakkwato asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo, da ƙwayar tamoxifen ta shekara 5 ko fiye ga wadda irin nata ciwon ke jin ta. Idan ƙarami ne, sau da yawa ƙullutun kawai ake cirewa a bar nonon. Ranar karɓar sakamako ki tafi da maigida ko wata babba a gida, su ji bayanin daga bakin likita da kunnensu, ki kuma adana kowace takarda a jaka ɗaya don za a neme su a Sakkwato.